Gaya da Malanbil: yadda kogi, gada da iyaka suke juya kasuwar garuruwa biyu

Daga inda kogin Mekuru ya zuba cikin kogin Isa, wanda mutanen Najeriya suka fi sani da Kwara ko Neja, har zuwa inda ruwan ya shiga ƙasar Kabi, tafiyar kusan kilomita 150 ce, kuma duk tsawon nan ruwa ne iyakar Nijar da Benin. Can wajen ƙarshensa garuruwa biyu suke zaune suna kallon juna. Gaya tana gaɓar hagu, cikin jihar Doso ta Nijar. Malanbil tana gaɓar dama, cikin yankin Alibori na Benin. Tazarar 'yan kilomitoci ce tsakaninsu, ga kuma Kamba ta jihar Kabi a Najeriya nan kusa da Gaya ta gabas.

A taswira garuruwa biyu ne na ƙasashe biyu. A wurin ɗan kasuwa kuwa kasuwa ɗaya ce mai hukuma biyu, kwastan biyu, da doka biyu. Duk wanda yake son ya gane abin da ya sa masara ke tsada a Yamai, ko abin da ya sa albasar Galmi ke ruɓewa kafin ta kai Kwatano, sai ya fara da wannan mashigar. Abubuwa uku ne suke juya ta: ruwan kogin da ke hawa da sauka, gadar da ta tattara duk zirga-zirga a wuri guda, da bambancin haraji da farashi da iyaka ta haifar. Idan ɗaya ya motsa, sauran biyun sai sun amsa.

Abin da ya kafa su a nan

Tun kafin Turawa, ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja a wannan yanki suke ƙetare kogin, wasu ta Gaya wasu ta Illo, sannan su bi ta Kandi da Jugu su nufi Salaga. Madugu ba ya ƙetarar da ɗaruruwan jakuna a yini ɗaya. Dole a yada zango, a yi ciniki da masu jirgi, a biya kuɗin fito, a sayi guzuri. Daga wannan tsayawar tilas kasuwa take tsirowa. Shi ya sa har gobe za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci a gaɓa biyun, kuma gida ɗaya yana iya samun 'yan'uwa a nan da can.

Zamanin Faransa gaɓa biyun duk a hannu ɗaya suke. Dahome, wadda ita ce Benin ta yau, da Nijar duk suna ƙarƙashin gwamna janar guda a Dakar, saboda haka kogin iyakar mulki ce kawai tsakanin ma'aikatan gwamnati ɗaya. Ita Malanbil ma sunan wani gwamnan Dahome, Henri Malan, aka sa mata. Layin dogo ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, tsawon kilomita 438, bai ƙara gaba ba. A shekarun 1950 Faransawa suka shirya jigilar gyaɗar Nijar da manyan motoci zuwa Paraku, don su rage dogaro da jirgin ƙasan Kano da ke hannun Ingilishi. Wannan ya sa aka gina gadar farko a 1958, aka kuma kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri tsakanin ƙasashen biyu a 1959. An ƙara gada ta biyu a ƙarshen shekarun 1980.

Da aka samu 'yanci a 1960, layin da yake na ma'aikata ya zama iyakar ƙasa. Nijar ba ta da teku, hanyarta mafi kusa zuwa tashar jiragen ruwa kuma ita ce wannan: sama da kilomita 700 daga Kwatano zuwa Malanbil, sannan kusan 300 daga Gaya zuwa Yamai ta Doso. Shekara da shekaru, har zuwa lokacin da aka rufe ta a 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku ta kan wannan gada suke bi.

Irin waɗannan tagwayen garuruwa duk inda suke dalilinsu ɗaya ne: wuri ne da kaya ke tsayawa dole. A Kinshasa da Birazabil duwatsu da gangaren ruwa ne suka tare kogin Kwango daga nan zuwa teku, sai kowace gaɓa ta yi tashar jirgin ruwanta da layin dogonta, ɗaya zuwa Matadi ɗaya zuwa Puwan Nuwar, kuma har yau babu gada tsakaninsu. A Njamena da Kusuri kayan Chadi da suka taso daga tashar Duwala ta Kamaru ne suke tsayawa a bakin gadar Ngeli. A Gaya da Malanbil kogin kansa bai taɓa zama babbar hanyar kaya ta tsawo ba. An gwada jigila da manyan jirage daga Gaya zuwa kudancin Najeriya ta Kainji a shekarun 1970, abin bai ɗore ba, domin ruwan ba ya ɗaukar jirgi mai nauyi sai wasu watanni. Aikin tashoshin nan biyu ƙetarawa ne daga gaɓa zuwa gaɓa, da kuma kai kaya ƙauyukan bakin ruwa irin su Karimama da tsibirai.

Ruwan da ke cika sau biyu

Baƙo yakan ɗauka kogi da damina yake cika, da rani ya janye. A nan lissafin ya fi haka. Cikar farko tana zuwa a Agusta da Satumba, daga ruwan saman yankin kansa. Rafukan da ke gangarowa daga Burkina Faso, wato Gorwal da Dargol da Sirba, suna kawo jan ruwa mai laka, sannan Mekuru da Alibori da Sota na Benin su ƙara nasu. Sota ma a gefen Malanbil take zubawa. Wannan cikar tana zuwa da gaggawa, ita ce take cinye gonakin shinkafa da gidajen ƙasa a Malanbil da Karimama da fadamun Gaya.

Cika ta biyu ruwan Gini ne. Ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gini da damina yana shiga babbar fadamar Mali, ya bazu ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, sai ya iso wannan yanki tsakanin Disamba da Fabrairu, ana tsakiyar hunturu babu ko ɗigon ruwan sama. Ruwa ne mai duhu, ya riga ya zubar da lakarsa a hanya, yana hawa a hankali yana sauka a hankali. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma kogin yana kai ƙarshen janyewarsa. A 1985, shekarar da fari ya yi tsanani, ruwan ya tsaya cak a Yamai.

Ga mai jirgi wannan ba labarin littafi ba ne. Da ruwa ya cika, kwale-kwale yana iso bakin tudu, ɗan dako ya taka katako ya shiga, amma igiyar ruwa tana da ƙarfi, dole matuƙi ya nufi sama da inda yake son sauka, ruwan ya gangaro da shi. Mai ƙaramin inji da ya yi lodi fiye da kima sai ya tsinci kansa can ƙasa da mashiga. Da ruwa ya janye kuwa yashi ke fitowa tsakiyar kogi, mashigar ta matsa nesa da hanya, 'yan dako su riƙa kutsawa cikin laka da buhu a ka, kuɗin dako ya ƙaru, jirgi kuma ba ya ɗaukar cikakken lodi don kada cikinsa ya dafe a yashi. Wato farashin ƙetarar da buhu ɗaya yana canjawa da wata, ko da babu jami'in da ya ƙara sisi.

Iyakar tana ina cikin ruwan?

Wannan tambaya ta kusa jawo yaƙi. Tsibirin Lete, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 40, ƙasa ce mai albarka, Fulani makiyaya na zaune a kai, manoma daga gaɓar Dahome kuma suna ganin nasu ne. An zubar da jini a kansa a 1960, a ƙarshen 1963 kuma dangantaka ta lalace har Nijar ta kori ma'aikatan Dahome da ke aiki a ƙasarta. Sai a 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar kai maganar Kotun Duniya da ke Hague, hukunci ya fito ranar 12 ga Yuli, 2005.

Kotun ba ta ce kogin na wane ne ba, ba ta kuma raba shi biyu daidai ba. Cewa ta yi iyaka tana bin layin da ya fi zurfi a babbar hanyar da jirgi ke bi, kamar yadda hanyar take lokacin samun 'yanci. Tsibirin da ke tsakanin wannan layi da gaɓar hagu na Nijar ne, wanda ke tsakaninsa da gaɓar dama na Benin. Da wannan ma'auni, cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Benin ta samu 9. A kan gadojin Gaya da Malanbil kuma iyakar tana daidai saman inda layin yake a cikin ruwa, ba lallai a tsakiyar gada ba. Kotun ta ƙara da cewa rabon tsibiran bai taɓa haƙƙin mallakar da mutane suke da shi a kansu ba.

Hukunci ne mai kyau, kuma ƙasashen biyu sun karɓe shi. Sai dai masunci ba ya ganin layin nan. Yashi yana tafiya, hanyar da jirgi ke bi bana ba lallai ita ce ta 1960 ba, kuma Basarke mai jefa taru ko makiyayin da ke ƙetarar da shanu da rani ba ya yawo da taswirar kotu. Rigingimun yau da kullum, na kama jirgi ko ƙwace koma, a wannan giɓin suke faruwa, kuma sarakunan ruwa da masu unguwanni na gaɓa biyun ne suke kashe mafi yawansu kafin su kai ga hukuma.

Tafiyar tirela ɗaya lokacin da gada ke buɗe

Kayan da aka yi odarsu don Nijar ba a biya musu harajin Benin, wucewa kawai suke yi. A tashar Kwatano dillalin kwastan yana shigar da takardar wucewa, a ajiye kuɗin lamuni wanda zai tsaya a madadin harajin idan kayan suka ɓace a cikin Benin. A ɗaure kwantena da dalmar kwastan, a maƙala wa motar na'urar da ke nuna inda take, a ƙayyade mata hanya da kwanaki. Rabon lodi ma da ƙa'idarsa: bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, kashi biyu cikin uku na motocin Nijar ne, kashi ɗaya na motocin Benin.

A bakin iyaka ana duba dalma ko an taɓa ta, a gwada lambar kwantena da ta takarda, a auna nauyi. Dokar 2005 ta UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa, ta sa iyakar tan 11.5 ga layin taya guda mai ɗaukar nauyi, da tan 51 gaba ɗaya ga tirela mai layi shida. A nan ake yawan karya doka, domin mai mota yana ganin ribarsa tana cikin ƙarin tan goma ko ashirin da ya ɗora, shi kuwa wannan ƙarin shi ke farfasa kwalta da gajiyar da gada. Idan kwastan na Benin ya tabbatar kaya sun fita, sai a saki kuɗin lamuni. Daga nan aikin duwan ne, wato kwastan na Nijar: ko a biya haraji a Gaya, ko a sake rubuta wata takardar wucewa zuwa Doso, Yamai, Maraɗi ko Damagaram. An gina ofishin haɗin gwiwa a ɓangaren Malanbil don jami'an ƙasashen biyu su zauna a rufi ɗaya mota ta tsaya sau ɗaya.

Inda abin ke lalacewa sanannu ne. Intanet ta ɗauke, kwamfutar kwastan ta tsaya, layi ya miƙe. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar jirgin ruwa da ta kwastan, mota ta kwana uku ana jiran gyara daga Kwatano. Inshorar mota ta ƙasa da ƙasa ta ƙare a hanya. Ga shingaye tsakanin Paraku da Kandi da Malanbil, kowanne da na goronsa. Kowane kwana da kwantena ta ƙara, kamfanin jirgin ruwa yana lissafa tarar jinkiri, kuma a kan mai sayen ƙarshe take sauka.

Me ya tara manyan sito a Gaya?

Wanda ya ga rumbunan ajiyar kaya a Gaya zai yi mamaki, don sun fi ƙarfin cikin garin nesa ba kusa ba. Amsar tana Kamba da abin da ke bayanta. Najeriya ta daɗe tana hana shigo da wasu kaya ko tana ɗora musu haraji mai nauyi: gwanjo, atamfa, taba, tsofaffin motoci, shinkafa. Benin da Nijar kuwa harajinsu a kan waɗannan ya fi sauƙi. Lokacin da gada ke buɗe, sai ɗan kasuwa ya sauke kaya a Kwatano da sunan Nijar, ya ƙetare gada, ya biya harajin sake fitarwa a Nijar, ya ajiye a Gaya. Daga nan a farfasa dila-dila, ƙananan motoci da babura su bi da su ta hanyoyin daji zuwa Kabi da Sakkwato. A idon Benin da Nijar halal ne, har kuɗin shiga suke samu. A idon Najeriya fasa-ƙwauri ne, kuma yana cikin dalilan da suka sa ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Ta ɗaya ɓangaren man fetur ne ke fitowa daga Najeriya a jarkoki, musamman kafin a cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023. Gaya da Malanbil duk sefa suke kashewa, wadda ke ɗaure da yuro, Kamba kuwa naira. Duk ranar da naira ta faɗi, kayan Najeriya suna araha ga mai sefa, gwanjon Gaya kuma ya yi wa mai naira tsada. 'Yan canji na bakin kasuwa sukan ji motsin nan kafin a faɗe shi a rediyo.

Ita Malanbil ƙarfinta abinci ne. Kasuwarta tana cikin mafi girma a Benin, ana yawan sa ta a bayan Dantokpa ta Kwatano. Masara da garin rogo da doya suna hawa arewa. Albasa da wake da dabbobi suna gangarawa kudu. Da damina ta yi gardama a Nijar, a nan ake fara ganin alamar, domin motocin Doso da Yamai sun cika bakin kasuwa suna neman masara.

Da aka rufe gadar

Sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe nata ɓangaren. Ɗaruruwan motoci suka maƙale a Malanbil, har da masu ɗauke da abinci da magungunan agaji. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, Benin ta buɗe, amma Nijar ta bar nata a toshe da kwantenoni, tana zargin Benin da ba sojojin Faransa masauki don a yi mata zagon ƙasa, zargin da Benin ta musanta. Haka aka shiga 2025, shekarar da ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, ko da yake tana nan cikin UEMOA tare da Benin.

Manyan kaya suka koma tashar Lome ta Togo, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja saboda 'yan bindiga, hanya mai nisa da tsada da jira. Yuraniyom ɗin Arlit da aka saba fitarwa ta Kwatano ya rasa hanya. Shi kuwa bututun ɗanyen mai na kusan kilomita 2,000 da kamfanin CNPC na Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, shi ma rikicin ya taɓa shi a Mayu da Yunin 2024, amma gwamnatocin biyu sun samu yadda suka yi mai ya ci gaba da gudu. Ga ɗanyen man da ke kawo wa gwamnati kuɗin shiga an sami mafita, ga mai buhu goma ba a samu ba. Wannan bambanci ya kamata a riƙa faɗarsa a fili.

Mai buhu goma sai ya koma ruwa. Motocin fasinja suna sauke mutane a gaɓa ɗaya, su shiga kwale-kwale, wata motar ta kwashe su a ɗaya gaɓar. Kaya ma haka. A wani lokaci cikin Mayun 2024 hukumomin Benin sun tare wannan mashigar ruwan ita ma, abin da ya tura mutane zuwa mashigai na nesa waɗanda babu mai sa ido a kansu.

Lissafin kwale-kwale

Buhun da ke kan tirela yana ƙetare gada ba tare da hannu ya taɓa shi ba. Ta ruwa kuwa a sauke shi daga mota, a ɗora a amalanke ko babur mai ƙafa uku, a sauke a shigar da shi jirgi, a fitar da shi a ɗaya gaɓar, a sake ɗora shi a amalanke, a loda shi a wata motar. Ɗagawa shida ke nan, in ba a kwana da shi a sito ba. A ɗauki misali don lissafi kawai. Tirela mai tan 30 buhu 600 ne na kilo 50. Idan jirgi yana ɗaukar tan 3, sawu 10 ke nan. Idan kowace ɗagawa sefa 100 ce a buhu, dako kaɗai ya ci sefa 360,000, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa na masu kaki a gaɓa biyu ba, ba a sa buhunan da suka yage ba.

Kuma ba kowane kaya ne ke jure wannan ba. Siminti da sukari da fulawa ruwa kaɗan ya ishe su lalacewa, shi kuwa jirgin katako kullum yana yoyo ta haɗin allunansa, shi ya sa ake shimfiɗa itace a ƙasa kafin a jera buhu, a kuma ajiye yaro yana kwarfe ruwa. Albasa idan ta ƙuje wajen jifa ko ta jiƙa, ruɓa take fara yi daga tsakiyar buhu, mai ita ba zai sani ba sai an kwance a kudu. Maganin da ke bukatar sanyi ba ya jure awoyi a rana a bakin gaɓa. Kwantena da tankar mai da manyan injuna kuwa ba su da hanya ta nan ko kaɗan.

Akwai wata asara da ba a gani da ido. Kayan da aka rubuta musu takardar wucewa ta gada, idan suka bi ruwa, babu ofishin da zai buga hatimin fitarsu, saboda haka kuɗin lamuni ba ya dawowa, kuma a takarda kayan suna nan cikin Benin ba a biya musu haraji ba. Inshora ma hanyar da aka rubuta take rufewa. Buhu ya faɗa ruwa, asarar mai shi ce shi kaɗai.

Maganar rai ta fi duk wannan. Abin da ke kifar da jirgi a irin wannan mashiga ba ɓoyayye ba ne. Na farko lodi: ana biyan mai jirgi da kai da buhu, don haka yana ƙarawa har bakin jirgi ya rage taƙi ɗaya ko ƙasa da haka daga ruwa, a nan kuwa igiyar da wani jirgin ya tayar ta isa ta shigo. Na biyu jeri: nauyi ya kamata ya zauna ƙasa kuma a tsakiya, amma sai a tula buhuna sama, a ɗora babura, mutane su hau kan kaya, da jirgin ya karkata kowa ya zabura gefe guda. Na uku iskar farkon damina, wadda ke tasowa cikin 'yan mintoci gabanin hadari. Na huɗu inji: kainuwa ko tsohuwar koma ta naɗe farfela a tsakiyar ruwa, jirgi ya juya ya ba igiya gefensa. Na biyar dare da hazo, kuma hani ne yake tura mutane tafiyar dare, domin wanda ke gudun jami'i ba ya kunna fitila. Yawancin fasinjojin nan mata ne 'yan kasuwa da yara da matafiya daga nesa waɗanda ba su iya ruwa ba.

Abin da hukumomin gari za su iya yi ba sai an jira shugabanni ba

Buɗe gada magana ce ta Yamai da Kwatano. Tsaron mashigar ruwa kuwa yana hannun magadan gari da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu jirgi, kuma ko gada tana buɗe ana bukatarsa, tun da ƙauyukan gaɓa da tsibirai ba su da wata hanyar. A yi wa kowane jirgi rajista da lamba a jikinsa. A ja masa layin fenti a gefe, wanda idan ruwa ya rufe shi ba zai tashi ba, a sa wakilin ƙungiya a mashiga yana dubawa. A raba jirgin mutane da na kaya da dabbobi. A ajiye rigunan ruwa a mashiga, fasinja ya sa a nan ya cire a can, a dawo da su a sawu na gaba, don mai jirgi ɗaya ba zai iya sayen talatin ba amma ƙungiya za ta iya. A rubuta sunayen waɗanda suka shiga a littafi kafin a tashi. A kafe farashin mutum da na buhu da na babur a allo cikin Faransanci da Dandanci da Hausa, a kuma ba da rasit, domin kuɗin da babu rasit shi ne yake ninkuwa idan an ga baƙo.

Hukumar Kogin Neja mai hedikwata a Yamai tana bibiyar hawan ruwa a tashoshin awo da ke kan kogin, kuma cikar da ta wuce Yamai tana ɗaukar kwanaki kafin ta iso Gaya. Waɗannan kwanakin sun isa a sanar ta gidajen rediyon gari a gaɓa biyun, a matsar da mashiga zuwa tudu, a kwashe buhunan da aka jibge a bakin ruwa, manoman shinkafa na Malanbil da na fadamun Gaya kuma su ɗauke injinan ban ruwansu daga gaɓa.